Daga Legas sai ina? Muhawara kan yadda kamfanin fasahar ilimi ke shiga sabuwar kasuwa

Aminu: Assalamu alaikum. Ina so manya su warware mana wani abu. A ɗauka kamfani ne mai manhajar waya da ke shirya ɗalibai wa JAMB da WAEC: bidiyon darasi, tsofaffin tambayoyi, gwajin jarrabawa irin ta kwamfuta. Ya kafu a Legas da Abuja, iyaye suna biya. Yanzu masu zuba jari sun ce a faɗaɗa. Hanya uku ce a gabansa: ya hauro Kano da Kaduna da Sakkwato, ko ya tsallaka Gana, ko ya shiga Nijar, tunda ga Maraɗi nan a bakin Katsina kuma Hausa ɗaya muke ji. Wacce ce farko?

Malama Hauwa: Wa alaikumus salam. Aminu, ajiye taswira, ɗauko jadawalin jarrabawa. Abin da kamfanin nan ke sayarwa shi ne cin jarrabawa, don haka iyakar kasuwarsa ita ce iyakar hukumar da ke shirya jarrabawar. WAEC ƙasashe 5 take aiki: Najeriya, Gana, Saliyo, Laberiya da Gambiya. Shi ya sa uLesson, kamfanin darussan bidiyo na Najeriya da Sim Shagaya ya kafa a 2019, da ya tashi leƙa waje ƙasashen nan ya fara dosa. Darasin lissafi da kimiyyar sinadarai da aka ɗauka sau ɗaya yana iya aiki a Firitawun ta Saliyo ba tare da an sake kunna kyamara ba. A wannan ma'aunin, Kano ba ta buƙatar sabon darasi ko ɗaya, Akara tana buƙatar gyara, Maraɗi kuwa sabon gini ne tun daga tushe.

Hajiya Rabi (Kumasi): Malama, gyaran nan da kika ce ba ƙarami ba ne, kada a raina shi. Na farko, babu JAMB a Gana. Da sakamakon WASSCE, jarrabawar WAEC ta gama sakandare, ake shiga jami'a, ana haɗa maki na darussa shida. Ke nan duk ɓangaren manhajar da aka gina don UTME, wato jarrabawar JAMB, tambayoyi 180 cikin awa 2, 60 na Turanci da 40-40 na sauran darussa uku, ba shi da mai saye a nan. Shi ne kuwa ɓangaren da ke kawo kuɗi a Najeriya. Na biyu, darussan dole sun bambanta: akwai kimiyya a haɗe da Social Studies waɗanda kowane ɗalibi ke rubutawa, kuma hukumar NaCCA ce ke tsara abin da za a koyar, ba NERDC ta Najeriya ba. Na uku, wanda ya fi kashe lissafi: ɗaliban babbar sakandare da yawa a makarantun kwana suke, kuma dokar hukumar ilimi ta hana su riƙe waya a makaranta. Yaron da kake so ya kalli bidiyonka kullum da dare ba ya tare da waya sai lokacin hutu. Waɗanda za ka samu da gaske su ne 'yan BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da ke kwana a gida, da masu sake rubuta jarrabawar Nuwamba da Disamba.

Malama Hauwa: Na karɓi maganar waya, Hajiya, wannan babbar magana ce. Amma ina nan a kan cewa gyara ya fi sabon gini sauƙi. Yadda ake yi: a ɗauko kundin darussan ƙasar, a jera shi maudu'i-maudu'i a gefen naka, a raba gida uku. Wanda ya yi daidai a bar shi. Wanda ya yi daidai amma misalansa na naira ne da sunayen garuruwan Najeriya, a sauya allo da murya. Wanda babu shi sam, a ɗauka sabo da malamin ƙasar. Lissafi da fizis galibi gida na farko da na biyu suke faɗawa. Tarihi, gwamnati, ilimin zaman jama'a da adabi, gida na uku. Kamfanin da bai yi wannan jeri ba kafin ya kama ofis, zai gano yawan aikin ne bayan ya riga ya ɗauki ma'aikata.

Alhaji Sabi'u: Duk kun yi maganar darasi, ba wanda ya yi maganar wa zai zaro kuɗi daga aljihu. Bari in buga muku misali da lambobi masu sauƙi, na misali ne kawai. An kashe naira miliyan 1 a tallan Facebook, mutum 10,000 sun sauke manhajar. Idan 2 cikin 100 suka biya, an samu mutum 200, kowannensu ya ci wa kamfani naira 5,000 kafin ya shigo. Yana biyan 3,000 a wata, kuma wata 3 kawai zai yi, domin da an rubuta JAMB ya tafi. Naira 9,000 ke nan. Idan ta Google Play ya biya, an cire kashi 15, saura 7,650. Cire 5,000 na talla, saura 2,650, ba a biya malami ba, ba a biya saba (babbar kwamfutar da ke ajiye darussa) ba. To a sabuwar kasuwa inda ba a san sunanka ba, masu biyan su sauko 1 cikin 100: kowane mai biya ya ci 10,000, ya kawo 7,650. Duk ɗalibin da ya ƙaru, asara ce ta ƙaru da naira 2,350. Ga yadda kamfani ke mutuwa alhali adadin masu saukewa yana ta hawa, ana ta murna.

Shi ya sa a arewa ban yarda da shiga ta talla ba. Ta makaranta ake shiga.

Aminu: Alhaji, a faɗaɗa mana wannan. Ta makaranta kamar yaya?

Alhaji Sabi'u: Mai makarantar kuɗi shi ne mai saye, ba uba ba. Makaranta mai ɗalibai 120 a ajin ƙarshe, a ce naira 2,000 kowane ɗalibi a zango, an saka shi cikin kuɗin makaranta: 240,000 a ciniki ɗaya, da mutum ɗaya ka yi magana. A bar wa makarantar kashi 20 a matsayin la'ada, domin ita za ta karɓo kuɗin. Amma akwai ƙa'idoji. Lokaci: ana yanke kuɗin makaranta ne kafin a raba takardar zango mai zuwa, don haka wanda ya zo a Oktoba ya makara, sai Janairu ko ma sai baɗi. A Yuni da Yuli ake zama da masu makarantu. Ƙofa: reshen NAPPS, ƙungiyar masu makarantun kuɗi, na jiha ko na ƙaramar hukuma, a nemi minti 20 a taronsu, ya fi yawon ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya-ɗaya. Biya: rabi kafin a kunna, rabi tsakiyar zango, kada a yarda da "sai iyaye sun biya". Sannan malami. Idan malamin lissafi ya ɗauka an kawo na'urar ne don a rage masa albashi ko a kashe masa lesin ɗin yamma, zai kashe ta cikin ruwan sanyi, ba zai ce komai ba, kawai ba za a kunna ba. A ba shi abin da zai rage masa wahala, kamar makin gwaji da ke fitowa da kansa, a kuma biya shi ranar horo.

Kar kuma a manta da makarantun da ke rubuta NBAIS, jarrabawar Larabci da ilimin addinin Musulunci, da manyan Islamiyyu masu haɗa boko. Kamfanonin Legas ba sa ganinsu a lissafi, alhali suna da ɗalibai kuma iyayensu sun saba biya.

Injiniya Bashir: Ni ta ɓangaren na'ura zan shigo, domin manhajar da ta yi aiki a Lekki tana iya mutuwa a Gumel ba don darasinta ba shi da kyau ba.

Data tukuna. Bidiyo na minti 10, idan an matse shi zuwa kilobit 300 a daƙiƙa, kusan megabait 22 ne da rabi. Darussa 200 sun kai gigabait 4.5. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farashi. Uba yana iya yarda ya biya kuɗin manhaja, amma idan kuɗin data ya zo ya tarar da na manhajar, sai ya daina duka biyun. Da uLesson ya fara, a katin memori yake sayar da darussansa, kuma dalilin ke nan. Wanda zai hauro arewa ya koma wa wannan dabarar: memori, ko ƙaramar saba a makaranta da ke watsa darasi ta wifi ba tare da intanet ba, irin yadda manhajar koyarwa ta Kolibri ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da batir da faifan sola.

Amma memori na da nasa ciwon. Idan bidiyon a buɗe yake, kafin mako ya zagayo yana hannun masu tura fina-finai a kasuwa, ana tura shi ta Xender. Dole a kulle fayilolin, sai cikin manhajar za su buɗu, a ɗaure lasisin da waya ɗaya. Sai matsala ta gaba: lasisin wata 3 ne, wayar ba ta hawa intanet, yaro ya mayar da kwanan watan wayar baya, lasisi ya ƙi ƙarewa. Maganinsa manhajar ta riƙa ajiye lokaci mafi nisa da ta taɓa gani, idan agogo ya koma bayansa ta nemi a haɗa da intanet sau ɗaya.

Sai wayar kanta. Tecno da Itel da Infinix ne a hannun mutane, da yawa masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne, a cike da hotuna da bidiyon WhatsApp. A gwada manhajar a kan mafi arhar waya a kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, ba a kan wayar injiniya ba. Kuma wayar ta uwa ce ko ta yaya, yara uku ke amfani da ita bayan Isha'i, don haka a yi wa asusu ɗaya gurbin ɗalibai uku. Lambar tabbatarwa ta SMS takan maƙale a hanya. A tanadi ta WhatsApp ko ta kiran murya, in ba haka ba mutum ya tsaya a ƙofar rajista ya juya.

Musa (Maraɗi): Gaisuwa ga kowa. Na ga an sa Nijar a ƙarshen layi, kuma ga wannan kamfanin gaskiya ne, amma ina so a fahimci dalili, kada a ce talauci kawai. Hausar da muke ji tare ta kasuwa ce da gida. Jarrabawa da Faransanci ake yinta: BEPC a ƙarshen kwaleji (ƙaramar sakandare), Bakaloriya a ƙarshen lise (babbar sakandare), da rukunin A da C da D. Maki a kan 20 ake bayarwa, ba a kan 100 ba. Tambayoyin ba na zaɓi A, B, C, D ba ne, rubutu ne da warware lissafi mataki-mataki, don haka injin gwajinku na JAMB ba shi da aiki. Hatta yadda ake jera rabawa a allo daban ne, kuma waƙafi ake sawa inda kuke sa ɗigo: 3,5 ba 3.5 ba. Shekarar karatu a Oktoba take kamawa.

Kuɗi ma haka. Katin banki ba shi ne hanya ba. Mutane sun saba da kamfanonin tura kuɗi irin Nita da Amana da Al Izza, sai Airtel Money da na Moov da Zamani. Kuma a kula da yadda ake faɗin farashi da baki. Dala ɗaya sefa 5 ce, sefa 100 dala ashirin, jika ɗaya sefa 1,000. Wanda ya naɗo tallan rediyo a Kano ya ce "jaka biyar", Bakano tsoho ya ji naira 1,000, mutumin Maraɗi ya ji sefa 5,000.

Inda Nijar ke da riba shi ne ga wanda ya shirya zama kamfanin Faransanci gaba ɗaya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957, ƙasashe 8 ke kashe ta a Afirka ta Yamma. Lissafin da ka ɗauka wa Yamai zai yi kusa da na Wagadugu da Kwatano da Lome, ko da yake kowace ƙasa da tsarinta, har sunan jarrabawar kan sauya: DEF a Mali, BFEM a Senegal.

Malama Hauwa: Malam Musa, amma ai a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Wannan bai buɗe ƙofa ba?

Musa (Maraɗi): Ya buɗe, Malama, amma ba ga wannan hajar ba. Kundin mulkin da aka fitar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Ɗan ajin Bakaloriya da Faransanci yake zama jarrabawarsa. Inda Hausa za ta haɗa kasuwannin biyu shi ne karatun farko: koyon baƙi da wasali, haɗa gaɓa, ƙidaya, da yaƙi da jahilci na manya. A nan darasi ɗaya zai yi aiki daga Zariya har Damagaram, da ɗan gyara: mu ƴ muke rubutawa inda kuke rubuta 'y, kuma yaro a nan lakwal (makaranta) ya sani da mushe (malami). Sai dai mai biyan kuɗin irin wannan aikin ba uba ba ne, gwamnati ce ko ƙungiyar agaji, kuma wannan wata sana'a ce daban.

Sannan a tuna da siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kamfanin da kwamfutocin hannunsa ke kan hanyar Jibiya a lokacin, da ma'aikatan da ake biya daga Kano, ya ga ta kansa.

Barista Nura: Bari in jera hanyoyin shiga ƙasar waje ta fuskar doka, daga mai arha zuwa mai tsada.

Sayarwa daga nesa: ka buɗe manhajar a rumbun Google na ƙasar, ka haɗa da mai karɓar kuɗi irin Paystack ko Flutterwave inda suke aiki. Ba ofis. Ya isa gwaji, amma ba za ka iya sa hannu a kwangila da gwamnati ba, kuma ƙasashe da dama yanzu suna karɓar harajin VAT a kan hajar intanet ta kamfanin waje, kamar yadda Najeriya ke karɓar kashi 7.5.

Ba wa ɗan ƙasa lasisi: shi ke da kamfani, shi ke sayarwa, kai kana karɓar kaso. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ke lalata wannan shi ne ba shi ƙasar baki ɗaya shi kaɗai, shekara 5, ba tare da sharaɗin adadin da zai sayar ba. Ya zauna a kan lasisin, kai kuma ka ɗaure kanka. A rubuta: shekara 1, adadi kaza, in bai kai ba keɓancewar ta faɗi. A kuma rubuta cewa bayanan ɗalibai da lambobin makarantu na wa ne idan an rabu.

Kafa reshe: a Gana dokar zuba jari ta GIPC ta 2013 ta sa wa kamfanin da baƙo ya mallaka gaba ɗaya jarin dala 500,000, na haɗin gwiwa da ɗan ƙasa 200,000. A tuntuɓi lauyan can a ji halin da dokar ke ciki kafin a motsa. A Nijar dokokin kasuwanci na OHADA ne, na bai-ɗaya da wasu ƙasashen Afirka, kuma rajistar tambari ɗaya a ofishin OAPI da ke Yawunde tana rufe ƙasashe 17. A yi rajistar sunan tun kafin a yi sanarwar shigowa, kada wani ya riga ka.

Abu biyu da ake mantawa. Bayanan yara: dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana buƙatar amincewar iyaye ko mai kula da yaro, Gana tana da tata tun 2012 da hukumar da ake rajista da ita, Turai GDPR, Amurka COPPA ga 'yan ƙasa da shekara 13. Sai haƙƙin mallaka: malamin da ya tsaya gaban kyamara, takardarsa ta faɗi ƙarara cewa bidiyon na kamfani ne a kowace ƙasa da kowane harshe, har da ɗora wata murya a kai. In babu wannan layin, ranar da za a fassara darasinsa zai dawo da lauyansa, kuma yana da gaskiya.

Aminu: Barista, akwai ta huɗu ai, sayen kamfanin da ya riga ya kafu a can.

Barista Nura: Akwai, ga mai kuɗi. Ita ce hanyar Byju's, kamfanin fasahar ilimi na Indiya.

Alhaji Sabi'u: Kuma ita ta kai shi ƙasa. A duba jerin kamfanonin da ya saya: Osmo a 2019 dala miliyan 120, WhiteHat Jr a 2020 miliyan 300, a 2021 kaɗai Aakash kusan biliyan 1, Epic miliyan 500, Great Learning miliyan 600, Tynker miliyan 200. Ya ci bashin dala biliyan 1.2 a Nuwamban 2021, ya ɗauki nauyin gasar cin kofin duniya ta Ƙatar. A 2022 an yi masa kuɗi dala biliyan 22. A 2024 yana gaban kotun fatara. Lokacin korona yara suna gida, sai aka ɗauka haka duniya za ta zauna. Da makarantu suka buɗe, ciniki ya sauka, bashi bai sauka ba.

Injiniya Bashir: Alhaji, ban yarda sayen ne laifin ba. Kahoot ta Norway, mai manhajar kacici-kacici na aji, ta sayi Clever a 2021 a kan kusan dala miliyan 500, kuma akwai hikima a ciki. Amurka gundumomin makarantu sama da 13,000 ne, kowacce da kasafinta da nata tsarin saye, ba ma'aikata ɗaya da za ka shawo kanta. Clever ita ce ƙofar da ɗalibai ke shiga manhajoji da ita a makarantu masu ɗimbin yawa. Ke nan Kahoot hanya ta saya, abin da da kanta zai ɗauke ta shekaru. Byju's kuwa ya sayi kamfanoni iri-iri, kayan wasa, koyon kodin, ɗakin karatun yara, lesin na ido da ido, waɗanda ba su haɗa mai saye ɗaya ba, kuma da bashin dala.

Alhaji Sabi'u: To na yarda da rabi. Amma bashin dalar nan a ja masa layi, domin ya shafe mu kai tsaye. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, farkon 2024 ta haura 1,500. Naira 9,000 ɗin ɗalibin da na buga misali da shi ta tashi daga kusan dala 20 ta koma 6. Ɗalibai ba su ragu ba, amma mai jarin da ke lissafi da dala ya ga kamfanin ya zube kashi biyu cikin uku, kuma kuɗin saba da dala ake biya. Yawancin "mu fita waje" da ake ji tun lokacin neman kuɗi mai ƙarfi ne, ba wai an gama da kasuwar gida ba. Edukoya, wata manhajar karatu ta Najeriya, ta tara dala miliyan 3.5 a 2021, a 2025 ta rufe. uLesson kuwa wani gefen ya faɗaɗa: ya samu lasisin hukumar jami'o'i ta NUC a 2023 ya buɗe jami'ar Miva ta karatu daga nesa. Ɗalibin digiri shekaru yake biya, ba wata 3 ba. Wannan ma sabuwar kasuwa ce, ba tare da an tsallaka iyaka ba.

Hajiya Rabi (Kumasi): Akwai kuma hanyar kamfanin sadarwa da ba a ambata ba. Eneza ta Kenya ta SMS take koyarwa, a kan ƙaramar waya mai maɓalli, ana cire kuɗi kaɗan daga katin waya, tare da kamfanin sadarwa na Safaricom. Da haka ta shigo Gana da Kwaddibuwa. Daɗinta ba ka neman katin banki ko babbar waya. Ɗacinta kamfanin sadarwa ne ke riƙe da mai sayen da kuɗin, kasonsa babba ne, kuma sai ya ga dama yake sakin naka. A Gana dai wanda bai haɗa da MoMo, asusun kuɗi na waya, ba bai fara ba. Harajin tura kuɗi na e-levy da aka sa a 2022 an soke shi a 2025, wannan ya sauƙaƙa ƙananan biya.

Malama Hauwa: Tunda an zo kan gwamnati, a yi hattara. Bridge ta fara da makarantun kuɗi masu arha a Kenya, ta shiga Yuganda, a 2016 gwamnatin can ta ba da umarnin rufe makarantunta 63 kan batun lasisi da malamai da tsafta. Uwar kamfanin, NewGlobe, daga baya ta koma aiki a cikin makarantun gwamnati, kamar EdoBEST a Edo tun 2018, da EKOEXCEL a Legas da KwaraLEARN. Kwangila ɗaya, dubban malamai. Amma wanda zai bi SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ya san cewa biya kan yi jinkiri, kuma sabon gwamna ba dole ne ya riƙe aikin na baya ba. Kada kwangilar jiha ɗaya ta wuce abin da kamfani zai iya rayuwa in ta tsaya. Mafi tsanani shi ne na Sin: a Yulin 2021 doka ɗaya ta hana cin riba da lesin ɗin manyan darussan makaranta, VIPKid da ta gina kasuwancinta a kan malaman Amurka masu koyar da yaran Sin ta rasa tushenta cikin 'yan watanni.

Kuma a arewa akwai na kyauta da za a yi gogayya da shi: Nigeria Learning Passport na ma'aikatar ilimi da UNICEF, tun 2022, har da darussan Hausa. Mai sayarwa dole ya nuna abin da yake da shi wanda na kyautan ba shi da shi.

Injiniya Bashir: Maganar Hausa a darasi, ga yadda ake yinta ba tare da an ninka kuɗi ba. Tun wajen ɗauka a raba abu uku: hoton allo, rubutun da ke kansa, da murya. Kada a nuna bakin malami da yawa. Sai a ɗora muryar Hausa a kan hoton nan dai. Bayanin Hausa yakan fi na Turanci tsawo, don haka a bar sarari bayan kowane mataki. Kalmomin jarrabawa kuma a bar su da Turanci a allo, bayani ne kawai zai zo da Hausa, domin yaron da ya haddace kalmar Hausa kaɗai zai shiga ɗakin JAMB ya kasa gane tambayar da ya san amsarta. A tabbatar rubutun manhajar na fitar da ƙ da ɗ da ɓ, kuma wurin bincike ya ɗauki "kasa" ya nemo "ƙasa", tunda akasarin mutane ba sa sa ƙugiya.

Aminu: To in na fahimta, arewa ce farko. Amma yaya za a gane gwaji ya yi kyau kafin a zuba kuɗi?

Alhaji Sabi'u: Gari ɗaya, ba jihohi bakwai ba. Makarantu 15 zuwa 20, wakilai 2 'yan garin masu babur, zango 2 cikakku. Kada a ba da kyauta. Ko rabin farashi ne a karɓa, domin wanda bai biya ba ba zai gaya maka gaskiya ba. Abu uku ake ƙirgawa: makarantu nawa suka sake biya a zango na biyu ba tare da an roƙe su ba, ɗalibai nawa ke buɗewa aƙalla sau 3 a mako, da kwana nawa kuɗi ke yi kafin ya shigo. Ga iyayen da ke saye kai tsaye, cirar kuɗi ta atomatik daga kati ba ta tafiya a nan; a ba kowa lambar asusu tasa da zai tura wa ta OPay ko Moniepoint ko wurin mai POS, ko a buga katin gogewa a ajiye a shagunan littattafai da cibiyoyin rajistar JAMB.

Hajiya Rabi (Kumasi): Ni dai har yanzu ina ganin a kunna Saliyo da Gambiya daga nesa a lokaci guda, tunda kusan ba ya cin komai.

Alhaji Sabi'u: Yana ci, Hajiya. Uba a Banjul zai kira da dare ya ce ya biya bai buɗe ba, dole wani ya ɗauka, kuma injiniyan da zai gyara shi ne dai wanda makarantun Kano ke jira.

Musa (Maraɗi): A saka azumi a jadawalin gwajin kuma. Idan ɗaya daga zangunan biyu ya faɗo a Ramadan, lokacin buɗe manhaja zai koma bayan Asuba da bayan Tarawihi, adadin ma ya sauka. Wanda ke duba lambobin daga Legas zai ɗauka hajar ce ta gaza. A kwatanta da makonnin da suka biyo bayan Sallah kafin a yanke hukunci.